ƘUNAR MARAINA: ABIN DA WUTA KE YI MA IRIN NAMIJI

Jawabi bisa kiwon lafiya, don cibiyoyin yaƙi da jahilci na maza da na mata



Jawabin yau ya shafi wani wuri na jikin namiji da ba a son faɗin sunanshi cikin taro. Wurin nan shi ne maraina. A yi haƙuri da maganar. Kunya abu ce mai kyau, amma akwai kunyar da ke sa magidanci ya kwana uku cikin ɗaki da ƙuna tsakanin cinyoyi, bai gaya ma kowa ba, har wurin ya fara wari. Irin wannan kunya tana iya hana ma gida haihuwa.

Ƙuna ba ƙaramin ciwo ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara mutum wajen dubu 180 ke mutuwa saboda ita, kuma mafi yawansu cikin ƙasashe matalauta suke. Da wuya wuta ta ci maraina su kaɗai. Yawanci tana haɗawa da cinyoyi, da mara, da ɗuwawu.

Yaro ƙarami shi ya fi shiga hatsari. Yana yawo kusa da murhu ba wando. Ya ja da baya, sai ya faɗa zaune cikin tukunyar talge, ko kaskon man ƙosai, ko ruwan wanka da aka sauke ba a surka ba. Ko ya zauna bisa toka, alhali garwashi na ƙarƙashi. Ruwan da zafinshi ya kai digiri 60, wanda ko kusa da tafasa bai yi ba, yana cin fatar babban mutum cikin sakan 5. Fatar yaro kuwa ba ta jure ko wannan. Talge da kunu sun fi ruwa ɓarna, don suna manne ma fata su yi ta ci.

Manya ma ba su tsira ba. Lokacin ɗari tsoho ya sa kaskon wuta tsakanin ƙafafu, ya rufa da mayafi, barci ya ɗauke shi. Samari na zaune fada, butar shayi ta kife bisa cinyar ɗaya. Mai farfaɗiya ya faɗi cikin wuta. Mai basir aka ce ya zauna bisa tukunyar surace, ko cikin ruwan magani mai zafi. Akwai sodar sabulu da ruwan batir, su ma suna ƙonawa ba tare da wuta ba. Sannan ga esansi, wato fetur. Mai saida shi cikin kwalabe, wandonshi ne ke fara jiƙa. Cikin watan Mayu na 2019, wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mutane suka taru suna ɗiba. Wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu nan take, wasu da yawa suka ƙone.

DON MI MARAINA SUKE RATAYE WAJE?

Zuciya da hanta da ƙoda, duk Allah ya ɓoye su cikin jiki. Mahaifar mace ma ciki take. Amma ƴaƴan maraina guda biyu waje suke, cikin ƴar jaka ta fata. Don mi? Don zafi. Jikin mai lafiya zafinshi digiri 37 ne. Irin namiji ba ya yiwuwa sosai cikin wannan zafin. Yana son wurin da bai wuce digiri 34 ko 35 ba. Bambancin kaɗan ne, amma haihuwa bisa shi take.

Kowa ya san randa. Ruwan randa yana sanyi don jikinta na tsatsa, iska kuma na busar da jiƙon. A zuba ruwan nan cikin jarkar roba a aje, sai ya ɗumama. To, jakar maraina randa ce. Fatarta siririya ce, ba ta da kitse, kuma tana zufa ƙwarai. Lokacin bazara sai ta saki, ta nisanta ƴaƴan daga jiki. Lokacin ɗari sai ta tattare, ta jawo su kusa. Har jinin da ke saukowa daga ciki da zafinshi, sai ya ratsa tsakiyar wasu jijiyoyi masu maida jini mai sanyi sama. Kafin ya iso, ya huce.

Makiyaya sun san ragon da ƴaƴan marainanshi duka biyu suka maƙale cikin ciki, ba su sauko ba. Yana bin tumaki, yana barbara, amma ba ya sa ciki. Ƙarfi bai rasa ba. Iri ya rasa, don zafin ciki ya hana shi yiwuwa. A riƙe labarin ragon nan, za a komo gare shi.

Cikin kowane ɗan maraina akwai ƴan hanyoyi sirara kamar zare, a nannaɗe. Da za a warware su a miƙe, tsawonsu zai wuce mita 200. Jikin waɗannan hanyoyi ne uwayen iri suke manne. Su ke rabuwa, su yi ta rabuwa, har su zama ƙwayoyin haihuwa masu kai da wutsiya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Aikin yana cin kwana wajen 74. Bayan haka ƙwayoyin suna yin kusan sati 2 cikin wata hanya mai lanƙwasa da ke bayan ɗan maraina, nan suke ƙarasa nuna. A haɗa duka, wata 3 ke nan, kusan abin da gero ke yi daga shuka zuwa yanka. Saboda haka irin da namiji ya fitar yau, tun wata 3 da suka wuce aka fara shi.

Tsakanin hanyoyin nan kuma akwai wasu ƙwayoyi dabam. Su ba su yin iri. Aikinsu shi ne yin sinadarin mazantaka, wanda ke ba namiji gemu, da kaurin murya, da sha'awar iyali. Waɗannan sun fi jure zafi nesa. Har wa yau, ruwan maniyyi kusan dukanshi ba daga maraina yake fitowa ba, daga wasu wurare ne cikin mara. Abin da maraina ke zubawa ciki ɗan kaɗan ne ga yawa, amma shi ne irin. Ke nan zafi na iya kashe iri ya bar ƙarfi. Namiji na kwana da iyalinshi kamar kullum, ruwa na fita kamar kullum, amma fanko ne. Ragon makiyaya ke nan.

ABIN DA WUTA KE ƁATAWA

Ƙuna tana da zurfi iri-iri. Wata fata kawai ke yin ja da raɗaɗi, ta warke cikin sati. Wata tana yin bororo, ta yi zafi ƙwarai, ta warke cikin sati 2 ko 3 in ba ta ruɓe ba. Ta ukun ita ce mugunya. Fata ta yi fari fat ko baƙi, ta bushe kamar ƙirgi, kuma ba ta ciwo, don jijiyoyin da ke jin ciwo sun ƙone. Rashin ciwon nan shi ke ruɗin mutane, su ce abin da sauƙi.

Akwai labari mai daɗi. Sau da yawa wuta ba ta isa ga ƴaƴan maraina su kansu. Cinyoyi na kare su. Ƙarƙashin fata akwai nama, ƙarƙashin nama akwai tantani mai ƙarfi. Kuma da an taɓa wurin, jiki na fizge ƴaƴan sama. Fatar wurin tana da jini da yawa, shi ya sa take saurin warkewa in an tsabtace ta.

Amma ko wuta ba ta taɓa ɗan maraina ba, zafi na ratsawa. Wata likita ƴar ƙasar Suwis, wadda ta yi aiki Indiya tsakanin 1930 da 1950, ta gwada abin ga wasu maza da suka yarda. Kullum suna zama cikin ruwa mai zafin digiri 46 zuwa 47 har minti 45, tsawon sati 3. Fatarsu ba ta ƙone ba, amma irinsu ya ɗauke wajen wata 6. Bayan haka ya komo, suka haihu. Wannan ba abin gwadawa ba ne gida, amma ya nuna abu biyu. Zafin da bai kai ya yi bororo ba ya isa ya tsaida iri. Kuma muddin uwayen iri ba su mutu ba, gona na sake tsiro.

In ƙuna ta yi faɗi, ko da bisa baya take ko ƙirji, maraina na shan wahala. Jiki duka ya shiga yaƙi. Zazzaɓi ya tashi, ruwan jiki ya ragu, sinadarin mazantaka ya faɗi. Jiki sai ya aje aikin haihuwa, ya nemi tsira da rai tukuna. Cikin 2010 wasu likitoci na Legas, cikin Najeriya, sun bayyana awon da suka yi ma mazan da suka warke daga babbar ƙuna. Sun tarar da irin da yawa cikinsu ya raunana, kuma wanda ƙunarshi ta fi muni shi ya fi rauni. Ko zazzaɓi mai zafi na ƴan kwanaki kawai yana rage iri na wani lokaci.

Sai maganar jini. Kowane ɗan maraina yana rataye da igiya, cikinta akwai jijiyoyin jini da hanyar iri. Wanda ya taɓa ganin dandaƙar bunsuru ya san abin da ke faruwa in aka daddatse igiyar nan. Ba a yanka fata ba, amma ƴaƴan sai su tsotse, su ƙanƙance. Ƙuna mai zurfi tana iya yin wannan aikin. Wutar lantarki ta fi kowace iya shi, don ramin da ta bari waje ƙarami ne, ɓarnar tana ciki. In jini ya yanke, uwayen iri sun mutu, kuma abin da ya mutu nan ba ya komowa. Sai dai ɗan maraina ɗaya mai lafiya ya isa namiji ya haihu.

Ruɓa ita ce ta fi yawan ɓarna cikin karkara. Wurin yana kusa da fitsari da kashi, yana da ɗumi da laima. Ƙunar da za ta warke cikin sati 2, in ƙazanta ta shige ta, sai ta zurfafa ta cinye fatar duka.

Bayan an warke kuma akwai tabo. Tabo mai kauri ba ya zufa, ba ya saki, ba ya tattarewa. Wani lokaci yana jan ƴaƴan ya manna su ga jiki. Randa ta koma jarkar roba ke nan. Gyambo ya rufe, kowa ya ce an gode Allah, amma irin yana zaune cikin ɗumi shekara da shekaru.

ABIN YI NAN TAKE

Ruwa. Ba komi ba sai ruwa. A kashe wutar, a tuɓe wandon da ya jiƙa da abu mai zafi. In tufa ta manne ma fata, kamar yadda yadin leda ke yi, kada a fizge, a yanka kewaye a bar wanda ya manne. Sannan a yi ta kwarara ruwa mai tsabta bisa wurin, na rijiya ko na famfo ko na randa, da buta, sannu-sannu, har minti 20. A duba agogo ko salula, don minti 20 ya fi yadda ake zato tsawo. Bayan an fid da mutum daga wuta, zafin yana nan cikin nama yana ci gaba da nutsawa, kuma ga wannan wuri abin da ke ƙarƙashi shi ne iri. Ko an makara, ruwa na da amfani har awa 3 bayan ƙunar. Kada a sa ƙanƙara, tana ƙara kashe fata. In yaro ne, a rufe sauran jikinshi da zane don kada sanyi ya kama shi. In soda ce ko ruwan batir, a daɗe ana wankewa fiye da haka. In garin soda ne busasshe, a kakkaɓe shi kafin a zuba ruwa.

Sannan a rufa da tsumma mai tsabta, wankakke, ba tare da ɗaurewa ba. Kada a fasa bororo. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko man goge haƙora, ko baƙin mai, ko toka, ko gishiri, ko kashin shanu, ko gashin zomo. Masu ba da wannan shawara taimako suke nufi, amma abubuwan nan ƙazanta suke kaiwa cikin gyambo. Kuma in an je gidan likita sai an kankare su kafin a ga zurfin ƙunar, mai ciwo ya sha wuya sau biyu.

A kai shi gidan likita ranar nan, ko ƙunar ba ta kai tafin hannu ba. Ga likitoci, ƙunar al'aura tana cikin waɗanda ba a jiyyarsu gida, daidai da ta fuska da ta hannu. In mai ciwo na iya sha, a ba shi ruwa bisa hanya. In ya wuni bai yi fitsari ba, abin gaggawa ne, wataƙila kumburi ya toshe hanya. Wanda ke jin nauyin gaya ma mace, ya nemi ma'aikaci namiji. Ma'aikatan lafiya sun saba ganin irin wannan, kuma aikinsu ya hana su fid da sirrin mai ciwo.

Can za a wanke wurin, a ba da maganin ciwo, a yi allurar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki ya datse haƙora. Wani lokaci a sa robar fitsari don gyambo ya zauna bushe. In ƙunar mai zurfi ce sai a tura shi babban asibiti inda ake fiɗa, kamar na Yamai, ko Damagaram, ko Maraɗi, ko Tawa, ko Galmi. Kada a ji tsoro a ce za a cire maraina. Likita ba ya cire ɗan maraina sai wanda ya riga ya mutu. Fatar jakar tana miƙewa ƙwarai. Ko rabinta ta tafi, sauran takan isa a rufe. In duk ta tafi, ana iya ɓoye ƴaƴan ƙarƙashin fatar cinya na ɗan lokaci don kada su bushe. Can ɗumi ya yi yawa ga iri, shi ya sa daga baya akan yanko fata siririya daga cinya a ɗinka masu sabuwar jaka. Wanda aka ce ya komo don wannan aiki na biyu, ya komo, kada ya ce ai ya warke.

BAYAN GYAMBO YA RUFE

Ƙaƙa namiji zai san halin da irinshi ke ciki? Ba da ido ba, ba kuma da ƙarfin kwanciya ba. Sai da awon maniyyi, wanda ake yi ɗakin awo na manyan asibitoci. Ba allura, ba yanka. Ana ƙidaya ƙwayoyin, a duba motsinsu da siffarsu. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana son a samu ƙwaya miliyan 16 ko fiye cikin mililita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi. Kada a yi gaggawar awo. A bari wata 3 su wuce bayan warkewa, tun da sabon iri sai ya yi kwanakinshi. In awon farko ya fito da rauni, kada a yanke ƙauna, a sake bayan wasu wata 3. Mutane da yawa irinsu na komowa sannu-sannu, wani cikin wata 6, wani sai ya shekara.

Cikin wannan jira, ya sa wando mai faɗi na auduga, ya bar matsattse. Ya bar zama cikin ruwan zafi da jin wuta tsakanin ƙafafu. In gyambo ya rufe sarai, shafa man kaɗe na tausasa tabo. Taba na rage iri. Kuma ya yi nesa da allurar ƙarfin maza da ake saye ba da takardar likita ba. Mai sinadarin mazantaka cikinta tana ƙara sha'awa, amma tana tsaida yin iri. Likita yakan ba da wannan sinadari ga wanda ƴaƴan marainanshi duka biyu suka mutu, don ƙarfinshi da ƙasusuwanshi. Ko ga shi, ba ya maido da haihuwa.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. In aure ya shekara biyu, uku, ba ciki, wa ake kallo? Mace. Uwar miji ta fara habaici. A kai ta wurin boka, a ba ta jiƙe-jiƙe, a saida akuyarta wajen neman magani. Daga nan a yi mata kishiya, ko a sake ta. Ta biyun ma ta zo, shiru. Mijin kuwa ya san ya taɓa ƙonewa, amma ya ce shi lafiyarshi lau, tun da ƙarfinshi na nan. Wannan ba adalci ba ne. Cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 na gamuwa da jinkirin haihuwa cikin rayuwarshi. Likitoci kuma sun tarar cewa wajen rabin gidajen da abin ya shafa, akwai hannun namiji ciki. In shekara ɗaya ta cika ana tare ba ciki, miji da mata su tafi likita su biyu. Namijin da ya taɓa ƙonewa ga wurin nan, ko ya yi babbar ƙuna ko'ina ga jikinshi, ba sai ya jira shekara ba. Shi ya kamata a fara aunawa, kuma ya faɗa ma likita labarin ƙunar da bakinshi. Awonshi ya fi na mace sauƙi.

Ga yaro abin ya fi ɓoyuwa. Yaro bai fara yin iri ba sai ya balaga, amma uwayen irin suna nan tun haihuwa, suna jira. Abin da wuta ta yi masu yau, sai bayan shekara 15 ko 20 zai bayyana. Saboda haka uwa ta riƙa dubawa lokacin wanka: ƴaƴan duka biyu suna cikin jaka? Ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta ƙwarai? Tabo na jan su sama yayin da yaro ke girma? In haka ne a maida shi likita, don ana iya sassauta tabon da ɗan aikin fiɗa tun yana ƙarami. In ya kai shekara 14 ba wata alamar balaga, nan ma a kai shi. Karnen da aka rubuta ranar ƙunar, a sa shi cikin leda a aje tare da takardar haihuwa, inda gara ba ta kaiwa. Ranar da yaron ya isa aure, ubanshi ko kawunshi ya kira shi gefe, ya ba shi labarin, ya miƙa mashi takardar.